Rigar Sallau a Gaban Surukinsa

Cikin duk shekarun da na yi ina kare marasa galihu a kotu, ranar shari'ar Sallau ce ta ƙi fita raina. Manomi ne daga wani ƙauye a yankin Danja, aka zarge shi da fasa rumbun maƙwabci bayan kaka. Waɗanda suka tsare shi suka kawo shi kotu, wai ya amsa laifi da bakinsa. In wannan amsa ta tsaya, sai gidan yari, ga mata da 'ya'ya ƙanana.

Ku sababbin lauyoyi, ku riƙe wannan. Sashe na 34 na tsarin mulki ya haramta azabtarwa, dokar 2017 ta mai da ita babban laifi, Najeriya kuma ta sa hannu a yarjejeniyar duniya a kan haka. Amsar da aka tatsa da duka ba hujja ba ce. Amma sai an tabbatar wa alƙali, a wata 'yar shari'a da ake yi cikin babbar.

Ni da idona na ga bayan Sallau a inda ake tsare da shi, shatar bulala ce kan shata. Amma da alƙali ya tambaye shi ko an taɓa shi, sai gogan ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, ba komai."

Raina ya ɓaci, kamar in shaƙe shi. Na nemi izini na matsa kusa. "Kai Sallau, so kake ka ruɓe a kurkuku?"

"Lauya, surukina na zaune a baya," in ji shi ƙasa-ƙasa. "In tuɓe riga a gabansa? Ya ji na yi kuka? Gara ɗaurin."

Ashe surukin nasa, tsoho Malam Iro, ya gano inda gizo ke saƙar. Ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Mai shari'a, a gafarce ni." Ya juya fuskarsa bango. "Yaro, ba na nan. Cire."

Sallau ya cire rigar. Da shatar bulalar ta bayyana, mai gabatar da ƙara ya kau da kai. Alƙali ya yi watsi da amsar laifin, ya ce a binciki masu dukan. Wata hujjar babu, aka sallame shi. Wallahi ranar na yi farin ciki kamar ni aka saka.

Doka ta hana duka, amma mutanenmu kunya na sa su ɓoye tabo. Tun ranar, kafin in tsayar da wanda nake karewa, sai na waiga na ga wa ke zaune a bayansa.