Hajiya Lantana Furfuri da Kwanon Awon Inna Jummai

Haihuwa da Tasowa

An haifi Hajiya Lantana da daminar shekarar 1956 a garin Furfuri na ƙasar Bunguɗu, ita ce 'yar fari a wurin Malam Zakari manomi da matarsa Inna Jummai. Bayan ta da shekara huɗu aka haifi ƙanwarta Husna, daga kanta kuma Allah bai sake ba iyayen haihuwa mai rai ba. Ta yi karatun allo a zauren Malam Mamman Dogo har ta kai izu ashirin, amma ilmin da ya sa aka san ta, wato tattalin gida, a gindin murhun mahaifiyarta ta same shi.

Inna Jummai ta shahara a Furfuri da cewa hatsin rumbunsu yakan riski sabo, ko da a shekarar da na maƙwabta ke ƙarewa tun kafin noman farko. Tana da wani kwanon awo na ƙarfe wanda ba ta auna hatsin sayarwa ko na zakka da shi, sai na tuwon gida kawai, kuma ba ta ba da aronsa. Lantana ta taso tana kallon kwanon nan a matsayin gadonta, domin ita ce mai tsince ƙwayar geron da ta faɗi a gindin turmi, alhali Husna kan kwashi gari ta miƙa wa duk wanda ya yi sallama. Sai dai bisa kunyar ɗan fari, Inna Jummai ba ta taɓa yabon Lantana ba, ko sunanta ma ba ta kira.

Aure da Zaman Tsafe

A shekarar 1973 aka ɗaura mata aure da Malam Adamu Yelwa, malamin firamare a Tsafe. Ranar da aka jera mata kaya ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga kwanon ba, ta lallashi kanta da cewa Inna tana bukatarsa tukuna. Bayan shekara huɗu, a 1977, aka kai Husna gidan Hamidu tela a Gusau, kuma Lantana da idonta ta ga kwanon a cikin kayan amarya, an naɗe shi da farin ƙyalle. Waɗanda suka halarci bikin sun tabbatar da cewa ba ta ci abinci ba ranar. Ta yanke hukunci a ranta cewa uwa ta zaɓi wadda take so, ta miƙa mata albarkar gidan dungurungum. Ƙyashin wannan kwano shi ya zauna mata a zuciya shekara arba'in da huɗu.

Daga nan ta ƙudura cewa sai ta nuna an yi kuskure. Albashin Malam Adamu bai taka kara ya karya ba, amma ta tsara gidan ta yadda ba ya sayen hatsi sai da kaka, lokacin da yake araha. Takan shanya tumatir da kuɓewa da tattasai na shekara guda, ta yi daddawarta, ta matse manta na gyaɗa ta sayar da ƙuliƙulin. Da ta sauke tukunya sai ta yayyafa wa itacen ruwa ta adana gawayin. Ƙanzo ba ya zuwa juji a gidanta, dusa da ruwan wankin gero kuwa na awakinta ne. Kayan sallar yara tun watan Rajab take ɗinka su, kafin teloli su fara ɗaga kai. Matan malaman Tsafe kan zo ɗaukar darasi a wurinta, wasunsu kuma su koma suna gulmar cewa namanta a miya sai an sa tabarau.

Duk wannan bai sanyaya mata rai ba. Da farin 1984, lokacin da gidaje da yawa suka koma ci sau ɗaya a yini, ta je Gusau ta tarar Husna, mai sakin hannun nan, tana tuƙa tuwo dare da rana har da na maƙwabta. Ta danne zuciyarta ta nemi aron kwanon na wata ɗaya. Husna ta sunkuyar da kai ta ce Inna ta hana. Lantana ta hau mota ta koma Tsafe, ta yi shekara biyu ba ta taka gidan ba. Inna Jummai ta rasu a 1989 ba tare da Lantana ta tambaye ta dalili ba, domin kunyar da ta rufe bakin uwar ita ta rufe na 'yar.

Komawa Gusau

Bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, aka yi wa Malam Adamu canjin aiki zuwa Gusau, suka gina gida a unguwar Damba da kuɗin awakinta da rabin na gyaɗar da yake nomawa. Gidan Husna bai fi tafiyar minti goma ba, kusancin kuwa ya ƙara wa abin zafi. 'Ya'yan Lantana, musamman autarta Hauwa, sun gano cewa tuwon gidan ƙanwar uwarsu ya fi miya, sai suka riƙa sulalewa can da hantsi su dawo da maiƙo a baki. Ita kuwa in an ce mata Husna ta sayi buhu ɗaya ya kai ta wata biyu, sai ta matse nata har ya yi wata biyu da mako guda, ta kuma tabbatar labarin ya isa can. Gaisuwa ba ta yanke tsakaninsu ba, suna da biki ba ta fasa zuwa, amma duk shigar da za ta yi ɗakin Husna idonta na kan ƙusar da aka rataye kwanon.

A 2008 ta sauke farali da kuɗin kiwonta, ba tare da ta karɓi ko kwabo daga miji ko ɗa ba. Malam Adamu ya rasu a 2014, ya bar ta da gida da jikoki da ƙa'idojinta, waɗanda ba ta sassauta ko ɗaya ba.

Rasuwar Husna

A watan Yuni na 2021 ciwon suga ya kwantar da Husna. Wata rana bayan azahar ta aika a kira yayarta, ta ce ta taho da tiyarta, wato kwanon awo irin na kasuwa. Ta sa aka sauko da na Inna, ta ce Lantana ta cika shi da gero ta juye a tiyar. Da ta juye, sai geron ya tsaya ƙasa da baki da kimanin tafin hannu guda. Ta kifa kwanon Inna ta duba, ta ga sawun gudumar maƙeri inda aka buga gindin ya shiga ciki. Ma'ana duk mai awo da shi yana rage wa tukunya tafi ɗaya a kowane kwano, ko ya so ko bai so ba.

Husna ta ce, "Yaya, ran da anka kai ni Inna tac ce in riƙe shi, don hannuna ba ya da tsaro. Tac ce, yayarki ba ta bukata tai, ita hannunta ya isa awo. Kunya ta hana ni ba ki shi, kada ki gane don mi anka ba ni. Ni ma na daɗe ina jin haushinki."

Lantana ta daɗe tana jujjuya kwanon. Abin da aka ji ta faɗa kawai shi ne, da Inna ta faɗa mata wannan magana sau ɗaya, da ta bar 'ya'yanta sun ci nama. Ta zauna jinyar ƙanwarta kwana goma sha ɗaya, har Allah ya karɓi abinsa, kwanon kuma ya koma Damba.

Ƙarshen Rayuwa

Cikin 'ya'yanta mata, Halimatu Sadiya, 'yar farinta, ita ta gado tattalinta sak, Hauwa kuwa Husna ce ta biyu. Bisa al'ada Hajiya ba ta taɓa kiran sunan babbar ba, "waccan" take ce mata, kuma Halimatu ta daɗe tana lura da yadda ake ji da auta. A ƙarshen 2023, da tsadar abinci ta yi tsanani kuma jikinta ya fara rauni, ta tara su biyun a tsakar gida da safe, ta miƙa wa Hauwa kwanon. Ta ga fuskar babbar ta canza, ta kuwa san wannan fuska sarai. Sai ta kira ta da cikakken suna a gaban jikoki, abin da ba a taɓa ji ba.

"Halimatu Sadiya, kwanon ga gajere ne, na masu sakin hannu ne. Ke ba ki bukata tai. Ke ce ɗiyar da ban taɓa fargabar gidanta ba, kuma ban son in mutu ba ki ji ba."

Rasuwa

Hajiya Lantana ta rasu ranar Talata, 16 ga Janairu, 2024, a gidanta da ke Damba, tana da shekara sittin da bakwai. An yi mata salla bayan la'asar, aka rufe ta a maƙabartar da aka rufe Husna. Likkafaninta tun 2008 ta tanade shi, don haka ba a sayi komai ba. Ta bar jikoki goma sha tara da 'ya'ya huɗu: Abdulaziz, ma'aikacin lafiya a Bunguɗu, Mannir, mai sayar da hatsi a Tsafe, Hauwa, wadda kwanon yake rataye a ɗakinta, da babbarsu Halimatu Sadiya, wadda ba a bar mata komai na awo ba, ba ta kuma taɓa neman aro ba. Allah ya jiƙanta da rahama.