Maniru Mai Rubuta Taken Noma

Hutun mako biyu Maniru ya zo yi Dandin Mahe. Bana shekara ta takwas ke nan bai koma ba.

Mahaifinsa, Husaini, makaɗin noma ne, kamar yadda uban Husainin ya kasance. A zamaninsa, daga Dandin Mahe har Horo Birni, gayyar da ba gangarsa ba ta cika gayya ba. Kowane manomin da ya isa yana da takensa, wato ɗan kiɗan da in an buga kowa ya san da wa ake, kuma Husaini ne ke riƙe da su duka a ka. Cikin 'ya'yansa maza biyu ba wanda ya gaje shi. Babban, Shaihu, ya yi karatun addini, ya buɗe shago a Bodinga, ba ya ko son a tuna masa cewa gidan kiɗa ya fito. Maniru kuwa kunnen uban ya ɗauko, bai ɗauko hannun ba. Da ya gama sakandare ya shiga aikin ɗan sanda. A wurin horo aka lura in ya ji sauti sau ɗaya yana maimaita shi daidai, sai aka tura shi ƙungiyar badujala, masu kiɗan fareti.

Can ya koyi busa bigila, can kuma ya koyi rubutun kiɗa. Ana ja layi biyar a kwance, a riƙa ɗora ɗigo a kansu ko a tsakaninsu. Ɗigon da ke sama murya ce mai tashi, na ƙasa mai sauka, kamannin ɗigon kuma shi ke nuna tsawon da za a ja. Mafi yawan 'yan badujala karantawa kawai suke yi. Maniru yana iya juya abin: ya saurari waƙa, ya zauna da fensir, ya sauke ta a takarda. Shugabansu, Oga Hamza, kan miƙa masa kaset ya ce jibi yana son sabuwar waƙar nan a gaban kowane mai busa, kuma jibin za a same ta. Shekara goma sha tara yana wannan aiki.

Sai wata damina Husaini ya faɗi a gona. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Maniru ya nemi hutu ya taho da matarsa Mairo da 'yarsu Lubna, da niyyar ya ga an samu sauƙi ya koma. Sauƙin bai zo ba. Mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa, ƙanwarsu Nana Hauwa tana aure a Dingyaɗi, Shaihu yana da shago da ɗalibai. Tsohon kuma ya ɗauki wata ɗabi'a: ba ya karɓar abinci sai daga hannun Maniru. In wani ya kawo cokali sai ya datse baki. Maniru ya ƙara neman hutu, ya sake ƙarawa, har ya ga abin ya zama rashin kunya, ya rubuta takardar ajiye aiki. Ya karɓi fadamar gidan ya fara noman albasa, don ita ce kusa, yana iya zuwa ya dawo kafin tsohon ya buƙaci a juya shi.

A wata na biyar, wata rana da hantsi, yana yi wa mahaifinsa aski a zaure sai ya ji wani abu. Tsohon yana rera wani sauti ta hanci, baki a rufe, yatsun hannunsa na hagu suna bugun gwiwa. Maniru ya tsaya da askar a hannu. Ya san wannan ba nishin ciwo ba ne. Akwai hawa da sauka, akwai inda yake dawowa. Take ne.

Ya ajiye aska, ya shiga gida ya yago takarda daga littafin makarantar Lubna, ya ja layi biyar. Kafin ya gama jan layin tsohon ya yi shiru. Rabin kan an aske, rabi ba a aske ba.

"Baba, ku sake," in ji Maniru. "Don Allah ku sake."

Husaini ya dube shi kawai. Sai bayan kwana uku ya sake, kuma wani taken dabam ya yi.

Daga ranar Maniru ba ya rabuwa da fensir a aljihu da takarda mai layi a ƙarƙashin tabarma. Ya gwada ɗauka da waya, amma da zarar tsohon ya ga an kara masa ita sai ya juya fuska bango. In an ɓoye ta nesa kuma muryar ba ta kaiwa, sai kukan awaki da dakan maƙwabta. Saboda haka kunne ne kawai da hannu.

Aikin ya fi duk wanda ya taɓa yi wuya. Waƙoƙin badujala suna zama a kan layi lafiya lau. Muryar Husaini ba ta zama. Takan tsaya a wani wuri da ba layi ba ne, ba kuma tsakanin layi ba, ko ta zame daga sama zuwa ƙasa ba tare da ta taka ko'ina ba. Maniru ya ƙirƙiro alamominsa: 'yar ƙugiya inda murya ta zame, ɗan gicciye inda ta tsaya ƙasa kaɗan da inda ya kamata. Bugun yatsun ya riƙa rubuta shi a layi na dabam daga ƙasa. Wani taken sai ya ji shi sau shida a cikin wata biyu kafin ya haɗa shi.

Mairo ta leƙa takardar wata rana ta ce, "Malam, wanga kamar kashin awaki anka jera bisa igiya."

Ya yi dariya, amma maganar ta zauna masa. Duk ƙasar Shagari da Bodinga bai san mutum ɗaya da zai iya karanta abin da yake rubutawa ba.

Kuma abin ya ƙara ɗaure shi. Da can in ya ba tsohon kunu yana iya tafiya fadama har azahar. Yanzu in ya je hankalinsa yana gida. Sau biyu ya dawo Mairo ta ce, "Yau Baba ya yi wata mai tsawo, ban taɓa jin ta ba." Ya ce ta maimaita, ta gwada, ba ta iya ba. Waɗannan biyun ba su sake dawowa ba. Ya rage gonar albasar zuwa rabi. Bikin abokai, ta'aziyyar nesa, duk ya daina zuwa.

Akwai kuma wata matsalar. Yana da sautin, ba ya da kalmomin, bai kuma san taken wa da wa ba ne. Tsohon ba ya iya faɗa. Sai ya fara zuwa kasuwar Shagari in Nana Hauwa ta zo ta zauna da mahaifinsu na rabin yini. Yakan nemi rumfar da tsofaffin manoma ke zama, ya gaishe su, ya buɗe takarda ya yi fito yana bin ɗigon da yatsa. Da fari sun ɗauka taɓin hankali ne. Rana ta uku wani tsoho mai suna Abu, mutumin Horo Birni, yana cikin ɓare goro sai hannunsa ya tsaya.

"Kai, ɗan Husaini, ina kas samo wanga?"

"Wurin Baba. Kun san shi?"

"Taken yayana na, Tasi'u. Shekara talatin da rasuwatai." Ya rufe ido ya rera: "Tasi'u na Jummai, rana ta hwaɗi ta bar ka bisa kunya." Ya buɗe ido ya dubi takardar da kyau, ya juya ta sama da ƙasa. "Yanzu Tasi'u yana cikin wagga takarda?"

"Takenai dai, Baba Abu."

"To sake busa min."

Sau huɗu ya sa shi ya sake. Maniru ya rubuta kalmomin a ƙarƙashin ɗigon, kowace gaɓa a wurinta, suka zauna daidai. Ta wannan hanya ya samo sunayen masu take kusan ashirin. Sauran, waɗanda suka san su sun riga mu gidan gaskiya.

A shekara ta biyar Oga Hamza ya kira shi. Ya yi ritaya, yanzu yana koyarwa a wata kwalejin horar da malamai a Jihar Neja, kuma suna neman wanda zai koya wa ɗalibai sauraron kiɗa da rubuta shi. Ya ce ya ba da sunan Maniru, ya kuma ce ya taho da takardun nan, akwai waɗanda za su karanta su.

Maniru ya kwana biyu bai gaya wa kowa ba. Sannan ya hau mota ya je Bodinga wurin yayansa.

Shaihu ya saurare shi har ƙarshe ya ce, "Ka yi naka, Maniru. Shekara biyar ba kwana biyar ba ta. Kawo shi nan. Ga ɗaki da siminti da fanka, ga asibiti kusa. Ni ma ubana na."

Haka aka yi. Aka ɗauko tsohon a mota aka kai shi Bodinga. Maniru ya bar Mairo da Lubna a gida sai ya samu wuri, ya tafi. Aka ba shi aji na gwaji. Ya tsaya gaban allo ya ja layi biyar da alli, ya rera taken Tasi'u, ya ce su rubuta. Wata ɗaliba ta kawo nata, ta kama fiye da rabi. Daga baya Maniru ya ce bai taɓa jin daɗi irin na wannan yinin ba tun da ya ajiye kaki.

Kwana na tara Shaihu ya kira shi.

"Ba ya ci. Tun da kat tahi, ruwa kaɗai, shi ma sai da dabara. Na yi, matata ta yi, Nana Hauwa ta zo ta yi. Likita ya sa mai ruwa har leda biyu." Sai Maniru ya gane kuka yake yi. "Na zauna gabanai nac ce, Baba, in kiɗan kuka so, ku yi, ni ba ni hana ku. Ko dubana bai yi ba. Ban san mi za ni yi ba."

Washegari Maniru ya yi sallama da Oga Hamza. Hamza ya ce zai riƙe masa wurin zuwa ƙarshen zango. Dukansu sun san ba zai dawo ba. Ya iso Bodinga da la'asar, ya tarar da mahaifinsa ya zama ƙashi da fata. Ya dama kunu da kansa ya kai cokali. Tsohon ya buɗe baki.

Ya mayar da shi Dandin Mahe. Ya faɗa wa Mairo daga baya cewa a cikin motar nan, yana riƙe da kan mahaifinsa a kafaɗa, ya ji haushin tsohon har cikin ƙashi, ya kuma yi ta istigfari har suka iso. "Akwai ranar da nika jin kamar in bi titi in yi ta tahiya, ba ni waiwayowa," in ji shi. Mairo ta ci gaba da tsince shinkafa.

Sai da aka yi wata guda kafin tsohon ya sake rerawa.

Bara Nana Hauwa ta ɗauki hoton wasu shafuka da wayarta, aka tura wa Oga Hamza. Bayan mako uku ya aiko da saƙon murya: ɗalibansa sun buga take uku da molon Turawa da ganga, suna bin rubutun Maniru. Maniru ya saurara. Karo na farko ke nan wani ya ɗauko sautin daga takardarsa ba tare da ya ji daga bakinsa ba. Ya kai wa mahaifinsa, ya ajiye wayar nesa yadda ba zai gan ta ba, ya kunna.

Husaini ya saurara, ido a rufe. Da aka zo tsakiyar na biyu ya ɓata fuska, ya ɗaga hannun hagu ya bugi gwiwarsa da ƙarfi, sau uku, a wurin da ɗaliban suka buga biyu. Aka sake kunnawa, ya sake bugawa a wuri ɗaya.

Maniru ya ɗauko shafin ya duba. Ɗaliban ba su yi kuskure ba. Biyu ya rubuta. Shekara huɗu ke nan kuskuren yana zaune a takardar. Ya goge ya gyara, sannan ya zauna yana kallon tarin sauran shafukan, yana tunanin guda nawa ne irin wannan a ciki, da kuma cewa mutum ɗaya ne tak a duniya zai iya nuna masa su.

Yanzu abin da yake yi ke nan. Bayan ya dawo daga fadama ya yi wa tsohon wanka, yakan ɗauko shafi ɗaya ya zauna kusa da kunnensa ya yi fito a hankali, yana kallon hannun hagun. Wata rana hannun ya motsa, wata rana tsohon barci yake yi. Husaini ya haura tamanin da biyar, likita ya ce zuciyarsa lafiya lau take. Maniru ya shiga arba'in da bakwai. Lubna ta gama sakandare tana neman gurbin karatun jinya a Sakkwato, shi ne ma ya ce ta nemi mai wurin kwana, kada ta riƙa dawowa kullum.