Damina Ɗaya Muka Zo Yi

A gidanmu ba a cewa gida. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Habboba kamar yadda kowa ke kiran kakarsa a Gadarif, ita ta hana. Zango ake cewa. In yaro ya daɗe a waje sai ka ji ta ce, "Ku nemo min shi ya dawo zango." Dalilinta shi ne, mahaifinta ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a nan, ya ce bari ya yi noman damina ɗaya ya wuce. Daminar ce har yau ba ta ƙare ba. A nan aka haifi Habboba, a nan ta haifi babana, babana ya haife ni, amma a wajenta duk muna kan hanya ne, mun ɗan tsaya shan ruwa.

Shaidarta wani akwatin ƙarfe ne a ƙarƙashin gadonta, an yi masa ɗaurin tafiya da igiyar rama. Kowace shekara in an gama yankan dawa sai ta jawo shi, ta share ƙura, ta ƙara tamke ƙullin, ta mayar. Abin da ya fi ba ni dariya, ta je Makkan. Babana ya kai ta a jirgi, har ta dawo da haƙorin zinariya. Na ce mata to ai tafiya ta ƙare, a kwance igiya. Ta ce, "Wannan ziyara ce, mijina. Tafiyar babana daban."

Ni ne mijin. Tun ina rarrafe take kirana haka, kuma tun lokacin take ƙorafin ban taɓa ba ta kuɗin cefane ba.

Na gama karatun aikin gona, sai wata jami'a a wata ƙasa mai sanyi ta ba ni gurbin ƙarin shekara biyu a kan ilimin ƙasar noma. Na ɗauka an gama. Ashe gurbi daban, izinin shiga ƙasar daban. Izinin kuwa sai ka cika takardu ta intanet, ka haɗa da wata wasiƙa da za ka faɗa wa jami'in da ke ba da izinin ko kai wane ne, me ya sa za ka zo, kuma me zai sa ka koma ƙasarku in ka gama.

A cikin kasuwa, bayan masu riɗi, akwai wani dattijo mai shagon kwamfuta, shi ke yi wa mutane irin wannan aikin. Ya ce in kawo wasiƙar ya duba min. Na ƙi. Ni da na yi shekara huɗu ina karatu da Turanci, mai shago zai duba min wasiƙa? Na ce masa ya dai ɗora kawai. Ya ce, "Tamam, shi ke nan, ya ustaz," ya ɗora.

Wasiƙar kuwa na zuba mata basira. Na ce a raina bari in nuna wa jami'in nan cewa ni ɗan manyan matafiya ne, tafiya ba baƙuwar aba ba ce a jininmu. Na buɗe da labarin kakan babana. Na rubuta yadda ya tsaya a Gadarif don damina ɗaya, da yadda muka kai tsara huɗu a wurin, da gonarmu a wajen Doka, da yadda muka zama 'yan gari har ba a bambance mu. Na rufe da cewa mu mutane ne da duk inda muka sauka sai mun yi saiwa. Da na karanta ta a karo na ƙarshe har ƙwalla ta zo min.

Bayan 'yan makonni amsa ta zo. Layi biyu ce: jami'in bai gamsu cewa zan bar ƙasarsu ba in na gama karatu.

Na tafi shagon a fusace, ina cewa an zalunce ni. Dattijon ya ce yanzu dai ko zan bari ya ga wasiƙar. Ya sa tabarau ya fara karantawa. Da ya kai tsakiya sai na ga kafaɗunsa na rawa. Da ya kai wajen saiwa, sai ya cire tabaraun ya kifa kai a tebur.

"Ya zol, bawan Allah," in ji shi yana share ido, "mutum ya tambaye ka za ka tafi in ka gama, ka ce masa kakanka ya zo damina ɗaya, ga ku nan har tattaɓa kunne? Da ni ne jami'in, wallahi ko hoton ƙasar ba zan nuna maka ba. Barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe?"

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Baki shi ke yanka wuya, ni kuwa da alƙalamina na yanka nawa. Jami'ar ta yarda ta riƙe min gurbin zuwa zangon karatu na gaba, daga nan sai ta ba wani. Dama ɗaya ke nan ta rage. Dattijon ya ce wannan karon a bar tarihi, a kawo abin da ke nuna ina da inda zan dawo: takardar filin gidanmu, da hoton gidan, da na gonar.

Na tambayi babana takardar fili. Ya sosa ƙeya ya ce tun ranar da mahaifinsa ya karɓo ta, Habboba ta jefa ta a akwati ta ɗaure, don ba ta son ganin takardar da ta ce mun zauna. Na ce ya roƙar min ita. Ya ce, "Matarka ce, ka je da kanka," ya hau motar Doka ya bar ni.

Na same ta da hantsi a inuwar rumfa tana soya gahawa. Na zauna na kwashe labarin duka na faɗa mata, har da dariyar mai shago. Na ɗauka ita ma za ta yi dariya. Sai ta fusata, amma ba da ni ba.

"Wa ya ce mun zauna? Shi jami'in ya zo ya ga mun zauna? Baƙo ai raɓa ne."

Na ce, "Habboba, raɓar da ta ga tattaɓa kunne ai ta zama tafki."

Ta ɗaga muciya kamar za ta kwaɗa min, sai ta ajiye. Ta daka gahawar, ta zuba a tukunyar jabana, ta ɗora a wuta har ta tafasa. Da ta yi magana, muryar ba ta wasa ba ce.

"Babana ma ya ce wa uwarsa zai dawo. Ta raka shi har bakin gari. Ba ƙarya ya yi mata ba, da gaske yake a lokacin." Ta dube ni. "Jami'in nan bai san ka ba, amma ya san mu."

A nan na gane ba takardar take ƙi ba. Tsoron da jami'in ya ji, shi take ji tun ranar da na ce zan tafi, ita dai ba ta da hatimin da za ta buga min. Tausayinta ya kama ni. Na ce zan dawo. Ta ce, "Kwayyis," wato madalla, irin yadda ake ce wa yaro in ya ce zai sayo maka jirgi.

Ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar jan ƙarfe a ƙasa. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, shekaru sun cinye shi. Na kawo wuƙa, ta buge min hannu. Da farce da haƙori, har da na zinariyar, ta yi ta fama sai da ya saki. A ciki akwai farin yadi a ninke, da gora, da carbi, takardar kuma tana can ƙasa, ta yi ja kamar an jiƙa ta a shayi. Ta miƙo min. Sai ta nannaɗe igiyar a hannunta, ita ma ta miƙo.

"Ka ɗaure jakarka da ita. Matafiya biyu sun yi wa wuri ɗaya yawa, ni na sauka. Amma aro na ba ka. Igiyar gidan nan ce, ka dawo min da abata."

Sai da na kai ƙofa na tsaya cak. Na juyo na ce, "Habboba, me kika ce? Igiyar ina?"

"Ka ji ni sarai. Tafi kafin in fasa."

Wasiƙa ta biyu gajera ce, kuma dattijon ya duba ta sau uku. Babu kakan kowa a ciki. Aka ba ni izinin. Na sauka a ƙasar mutane da sabuwar jaka mai taya ɗaure da igiyar rama, ana ta kallona, ban kwance ba sai da na shiga ɗakina. Shekara biyu, duk wayar da muka yi ba ta taɓa tambayar karatu ba, balle sanyi. Daga sallama sai, "Igiyata fa?"

Ranar da na dawo, kafin in sha ruwa na zaro ta na ɗora mata a cinya. Ta bi ta da yatsu daga farko har ƙarshe, wai tana duba ko na rage. Na leƙa ɗakin, akwatin na nan a buɗe, ta cika shi da kofunan gahawa da kwalaben turare. Na ce in jawo mata shi a ɗaure?

Ta tashi, ta nufi bayan rumfa, ta ɗaure akuya da igiyar.