Mariƙin da Yaya Ya Ƙi Ja

Yayana matuƙin jirgin feshi ne, ko in ce ya taɓa zama. Tun muna yara taurin kansa ya ishi kowa. Inna kan ce in ya kafe, gara ka je ka lallashi bango. Da ya girma sai ya zaɓi aikin da ake gudu: ɗan jirgi mai kujera ɗaya, tankin maganin ƙwari a gaban gwiwarsa, yana bin saman shuka har ganye kan maƙale a tayarsa. Abokan aiki suna kiransa Mazari.

A gefen kujerarsa akwai wani jan mariƙi. Shi ake fara koya wa kowane matuƙi: in ka zo tashi jirgi ya ƙi ɗagawa, ka ja shi, maganin ya zube gaba ɗaya, jirgin ya yi sauƙi, ka tsira da ranka. Ba a son ka tsaya tunani.

Ranar da abin ya faru ana zafi, iska ta tsaya cak, ga filin tashin jirgin ya yi laushi saboda ruwan da aka yi. Jirgin ya ci filin har ya kusa ƙarewa, taya ba ta bar ƙasa ba. A ƙarshen filin kuwa akwai magudanar da ke kai ruwa unguwar ma'aikatan gona. Da shi suke wanka, da shi suke girki. Yaya bai ja mariƙin ba. Ya karkatar da jirgin ya afka wa tudun ƙasar da ke gefe, fiffike ya ɓalle, ƙafarsa ta dama ta kakkarye. Tankin bai fashe ba, wannan kuma ikon Allah ne, ba wayonsa ba.

Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. A asibiti matarsa tana kuka, ni ina zazzaga masa masifa, shi kuwa yana tambayar ko an kwashe maganin.

Da ƙafar ta haɗu aka kira shi ofis. Shugaban matuƙa mutumin kirki ne, ya ja shi gefe ya nuna masa mafita: in an tambaye shi ya ce ruɗewa ya yi, hannunsa ya sandare. Ruɗewa tana da magani, a sake horar da shi ya koma sama. Wanda ya ƙi ja da gangan kuwa, ba mai sake ba shi jirgi. Mu 'yan gida muka taru muka yi masa caa. Na ce kalma ɗaya ce, ba za ta rage shi da komai ba, don na san in aka raba shi da jirgi an raba shi da rabin ransa.

Na raka shi, na zauna a benci a bakin ƙofa, ina jin komai. Manyan ofishin suka tambaye shi ko ya ruɗe.

"Ban ruɗe ba, ranka ya daɗe. Hannuna yana kan mariƙin. Na ga ruwan, na ɗauke hannun."

Shugaban ya yi gyaran murya, ya tambaye shi in hakan ta sake faruwa fa.

"Haka zan sake yi. Ku matsar da filin, ko ku matsar da ni."

Shi suka matsar. Yanzu famfunan feshi yake gyarawa a wata rumfa a gefen filin, hannu duk baƙin mai. In jirgi ya fara gudu yakan ajiye sifana, ba ya ɗauka sai ya ga ya ɗaga, ni kuma in kau da kai don ban iya kallon fuskarsa.

Duk sabon matuƙin da aka kawo, Yaya kan ja shi a ƙafa har ƙarshen filin, ya nuna masa ruwan, ya nuna masa inda ruwan ke zuwa, su juyo. An hana shi sau ba adadi. Jiya ma na hango shi yana ɗingishi a gaba, wani sabo yana biye da shi.