Ɗanyen Tumatir

A shekarun tamanin, lokacin da komai ya yi wuya a Tamale, ina koyarwa a wata firamare a Aboabo. Alli ma sai mun karya shi biyu. Amma rigimar gidana ta tumatir ce. Duk ranar da matata ta aike ni kasuwa sai in dawo da ɗanye, in kuma rantse nunanne na zaɓo. Tun tana dariya har ta daina. Ta ce wanda ba zai tsaya ya duba abin miya ba, bai damu da mai dafawa ba. Maganar ta yi mini zafi, don ina son matar nan.

Wata Talata aka turo mana nas, 'yar kudu, ta gwada idon yara. Ta rataye allon haruffa a jikin dalbejiya, kowane yaro ya rufe ido ɗaya ya karanta. Sannan ta buɗe wani littafi mai ɗige-ɗigen launi, da lamba ɓoye a kowane shafi. Ni ke tsare layi, ina ta muzurai.

Wata yarinya ta leƙa ta ce, "Saba'in da huɗu."

Na daka mata tsawa. "Ke, buɗe idonki! Ashirin da ɗaya ne."

Nas ta ɗago kai. "Ticha, yarinya ya faɗi daidai. Kai zo zauna."

Na zauna a bencin yara, suna ƙunshe dariya. Shafi bayan shafi ina faɗuwa. Ta ce, "Ido naka lafiya, amma ja da kore duka ɗaya wurinka. Haka aka haife ka."

Maimakon kunya, daɗi na ji. Na roƙe ta ta rubuta mini a takarda, na taka keke zuwa gida kamar an biyo ni.

Matata ta saurara har na gama. Ta shiga madafa ta fito da tumatir biyu a tafin hannu.

"Malam, wanne ne ja?"

Na nuna. Ta yi dariya har da hawaye, ta zauna a kan turmi.

"Ashe shekara shida ina fushi da kai a banza."

Ta kama babban yatsana ta latsa shi a kan ɗayan, mai laushin. "Daga yau daina dubawa, riƙa taɓawa."

Har gobe da yatsan nan nake cefane.