Malam Sha'aibu, Wanda Ya Hana a Ɗaure Ɗana

Ina sanar da 'yan majalisarmu ta gindin darbejiya a Badafi cewa daga yau babu mai katse mini magana. Wanda ya riƙe wannan aiki shekara da shekaru, Malam Sha'aibu, tsohon ma'aikacin lafiya, ya rasu ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sha'aibu, ni na laƙaba maka suna Malam Birki. Ko batun taki ake yi sai ka karkato da shi kan ƙwaƙwalwar matasa. Ka ce kamar babur take, an tayar da inji tun ba a gama ɗaura birki ba, kuma ɗaurin ba ya kammala sai wajen shekara ashirin da biyar, shi ya sa ƙwaya ke saurin kama yaro. Ni da littattafaina na ce wannan sangarta ce aka sa wa rigar likita.

Sai abin ya shigo gidana. Ɗana Mujitaba, yana shekara sha bakwai, ya fara haɗiyar ƙwaya a wajen yankan shinkafa don kada abokai su wuce shi. Daga baya barci ya ƙaurace masa, ya koma magana shi kaɗai. Na yanke shawarar kai shi gidan mari. Ka zo ka zauna a zaurena, ka miƙe ƙafafu ka tare ƙofa.

"Malam, ƙafarsa ce ba lafiya?"

"A'a."

"To me ta yi maka za ka ɗaure ta?"

Kai ka goya shi a babur zuwa Kiru, kuka hau mota zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa a Kano. Da ya sake komawa ƙwayar, na ce ai ga shi nan. Ka ce, "Ba a gama ɗaurin ba," ka sake ɗaukarsa. Ba shi kaɗai ba ne. Har daga Ba'awa da Bebeji iyaye ke kawo maka 'ya'yansu, kana ba su aikin ban ruwa a lambunka, kana sauraron shirmensu kamar mai sauraron karatu. Ba duka suka tsira ba, kuma ba ka taɓa ɓoye hakan ba.

Ranar jana'izarka yaran nan naka na lambu suka hana kowa taɓa diga. Mujitaba ne ya shiga kabarin ya karɓe ka. Na tsaya a baya ina kallon ɗana, mai mata da 'ya yanzu.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Hajiya Kulsum, matar marigayi, da yara, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu baki ɗaya.

Batun birkin nan kuwa, Sha'aibu, kai ne da gaskiya. Na so a ce kana nan ka katse ni kafin na faɗa.