Man Shanun da Na Bari a Kan Inna

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har fuskokin wasu da muka ci tuwo a akushi ɗaya sun ɓace mini. Amma jinyar mahaifiyata, da wahalar da na sha a kan gashinta, ba za su taɓa fita daga raina ba.

Lokacin Nasara ba su daɗe da karɓe Sakkwato ba. Gidanmu yana Ƙofar Dundaye, mahaifinmu ya riga ya rasu. Ina ɗakin mijina da goyo aka aiko cewa masassara ta kayar da Inna. Na zo da niyyar 'yan kwanaki, sai ga shi damina ta wuce ina nan, aka yi girbi ina nan. Ni ce daka, ni ce ɗiban ruwa, ni ce wankin zannuwa, ni ce mai juya ta in gefe ɗaya ya gaji. Gwaggona, yayar babana, tana gidan, amma ciwon ƙafa ya hana ta komai sai ba da umarni. Akwai ranar da na tsinci kaina a bakin rijiya riƙe da guga, na rasa abin da ya kawo ni.

Daga baya masassarar ta sauka, amma Inna ba ta tashi ba. Ta juya fuska bango, ta ƙi abinci. Maƙwabta su yi sallama, ta ce a ce musu tana barci. Sai ranar da na kwance mata kallabi na gane dalili. Kitson da ta kwanta da shi tun farkon ciwo ya cukurkuɗe, ya dunƙule wuri guda, ya bushe ƙamas. In ka taɓa sai ya karye. Wannan fa matar da ake kwatance da gashinta a unguwa. Na ɗauko sabulun salo na wanke, ina ganin gyara nake yi. Da ya sha iska sai ya ƙara tauri.

Gwaggo ta leƙo ta ce, “A kawo aska a sauke shi mu huta. Ai wani zai tsiro.”

Na dubi Inna, na ga hawaye yana gangarawa cikin kunnenta. Da Gwaggo ta fita, ta kama hannuna ta ce, “Ɗiyata, kar ki bari a aske ni. Shi kaɗai ciwon nan ya rage mini.”

Man shanu nake buƙata, kuma a shekarar ya yi wuya, don Fulani da yawa sun yi nisa da gari saboda jangalin Nasara. Na ɗauki zaren da na kaɗa, na goya yarinyata, na tsallake gulbi ina tambaya har na sami wata ruga. Wata tsohuwar Bafulatana ta karɓi zaren ta ɗibar mini ɗan mai a ƙoƙo. Da na faɗa mata abin da zan yi da shi, sai ta ce, “To, in kin shafa kar ki wanke. Ki bar shi ya zauna, gashi ya sha a hankali.”

Na dawo da la'asar ƙafafuna sun kumbura. Gwaggo na ganin ƙoƙon ta ce, “Madalla, sa mata a kunu.”

Na ce, “Na gashinta ne, Gwaggo.”

Ta dube ni ta ce, “Mutum ba ya cin abinci, kin samo mai, shi ne za ki ba gashi? Mi ya sami hankalinki?”

Har yau ba zan ce ba ta da gaskiya ba. Man ba zai isa biyu ba, Inna kuwa ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Na daɗe a tsaye da ƙoƙon a hannu. Ƙarfin gardama ma ba ni da shi. Na wuce ɗaki kawai.

Na ɗora kan Inna a cinyata, na yayyafa ruwan ɗumi, na narka man a tafin hannu ina cusa shi tun daga tushe har baki, na ɗaure da kallabi na bar shi. Washegari na fara warwarewa da yatsa da tsinke, daga baki zuwa ciki, kaɗan kaɗan. Inda ya ƙi, in ƙara mai in bar shi sai gobe. Haka muka yi ta yi. Bayana ya riƙe, ƙudaje sun dame mu, yarinya tana kuka ina jijjiga ta da ƙafa. Gashin da ya zube sai in tura ƙarƙashin tabarma don kada Inna ta gani. Wata rana barci ya ɗauke ni a zaune, na farka na ji tana shafa gwiwata tana cewa, “Sannu, ɗiyata. Na gajiyar da ke.”

Ranar da man ya ƙare, gashin ya yi laushi, ya saki. Ya ragu sosai, amma ya isa kitso. Na yi mata manya manya don kada ya ja mata fata. Ta ɗaga hannu ta bi layin kitson da yatsa har ƙeya. Can ta ce, “Akwai sauran kunu?”

Ta sha rabin ludayi, ta huta, ta ƙara. Da yamma maƙwabciyarmu ta yi sallama, ina shirin cewa tana barci, sai na ji muryar Inna: “Ɗaga asabarin, ta shigo.” Gwaggo tana zaune a tsakar gida, ta share ido da gefen zane.

Inna ba ta koma da ƙarfinta na da ba, amma ta ƙara shekaru tana zama cikin mutane. Ni kuwa da na koma ɗakina sai da na yi nawa kwancin, don gajiyar ta shiga ƙashi.

Tun daga nan na san cewa jinya ba ta tsaya ga abinci da magani ba. Marar lafiya yana da abin da yake jin kunyar a gan shi da shi, kuma sau da yawa ba zai buɗe baki ya ci ba sai an mayar masa da mutuncinsa.